An kira ni intabiyu na SIWES ranar Laraba, dan Allah me ake tambaya?

Ɗan Kurna:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema da gaggawa, musamman daga waɗanda suka riga suka yi SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai kamfanoni, ko kuma suke aiki a masana'anta.

Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne, lebul 400, kuma kun san a samista ta biyu ake tura mu aiti, wato SIWES ɗin, na wata shida. Tun kafin mu gama jarabawa na fara yawo da takardar da makaranta ta ba mu, na kai Sharaɗa na kai Bompai na kai Challawa, wani wajen ma ko get ba za ka wuce ba maigadi zai karɓa yace za a kira ka, kai ma kasan inda takardar nan za ta kwana. Guri goma sha ɗaya na kai wallahi har takalmina ya sha jiki. To jiya bayan la'asar ina zaune a majalisa sai ga baƙuwar lamba, wata mata ce daga wani kamfanin robobi a Challawa, tace in zo ranar Laraba ƙarfe tara na safe za a yi mana intabiyu, wai mutum huɗu kawai za su ɗauka a ɓangaren gyara.

Ni dai tunda nake ban taɓa zama gaban wasu suna min tambayoyi irin wannan ba. CGPA ɗina 3.1 ne ba wani abin a zo a gani ba, kuma ina da kari oba ɗaya, wato kwas da na faɗi, tun lebul 300 wanda na riga na cinye amma dai yana nan a takarda. Turancina a rubuce ba laifi amma da zarar na tsorata sai harshe ya ɗaure, abin da na sani ma sai ya gudu. Me suke tambaya? Littafin mashin zan koma in haddace ko yaya? Kaftani zan sa ko riga da wando? Kuma ya halatta in tambaye su ko suna biyan wani abu, don daga Kurna zuwa Challawa kullum ba ƙaramin kuɗin Adaidaita ba ne. Kawuna yace yasan wani a ciki zai kira shi amma ni ban san ko hakan zai gyara ko ɓatawa zai yi ba. Allah ya saka da alheri.

Mai Testa:

Hhhh abokina kwantar da hankalinka, bara war haka ni ma cikina ya ɗuri ruwa kamar kai. A wani kamfanin shinkafa na yi nawa, mu ma sai da aka tace mu.

Littafin mashin ɗin nan ajiye shi, ba wanda zai ce ka warware masa lissafi shafi uku. Ni abin da aka tambaye ni, na farko wani injiniya ya miƙo min takarda da biro yace zana min sita-delta (haɗin da ake tayar da babban moto da shi), na zana ɓangaren wuta, yace to me yasa ake amfani da shi. Amsar ita ce moto in ka tashe shi kai tsaye yana jan karent kamar ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in yana gudu, in ka fara tashinsa a sita sai abin ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, in ya ɗau gudu taima ta mayar da shi delta. Kontakta uku, taima ɗaya, obalod ɗaya. In ka iya faɗin wannan da bakinka ba haddar aku ba, ka wuce rabin waɗanda za ku zauna a benci tare. Sai ya tambaye ni moto mai pol huɗu a wutar Najeriya gudunsa nawa, 50Hz ne namu, 120 sau 50 a raba da 4 ya ba ka zagaye 1500 a minti, amma a jikin faranti za ka ga an rubuta wajen 1440 ko 1450 saboda silif, wato ɗan ragin gudu da moto yake yi ƙasa da na lissafi. Sai bambancin fiyus da bireka, sai me yasa ake rubuta ƙarfin taransifoma da kVA ba kW ba. Shi ke nan fa, ko minti ashirin ba mu yi ba.

Amma bari in ba ka labarin kunyar da na sha don kar ka maimaita. A sibi (CV) ɗina na rubuta wai na iya PLC, ƙaramar kwamfutar nan da ke sarrafa injina a masana'anta, alhali bidiyo biyu na kalla a YouTube, wani abokina ne yace in saka yana ƙara wa takarda kwarjini. Mutumin nan ya duba ya ɗago yace masha Allah, wane iri ka yi aiki da shi, Siemens ko wani? Nace Siemens. Yace to wace manhaja ake rubuta masa shiri da ita? Wallahi sai naji fankar ɗakin ta daina kaɗawa. Nayi ta inda-inda, ƙarshe dai nace yallaɓai gaskiya ban taɓa taɓa shi ba gani kawai nayi. Yayi dariya yace da ka faɗi haka tun farko. Allah ya rufa asiri sun ɗauke ni amma wata shida cur sunana a wokshof Injiniya PLC. Don haka yau ɗin nan ka buɗe sibi ɗinka, duk layin da ba za ka iya kare shi ba ka goge.

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara tara ke nan ina ɓangaren gyara a wani kamfanin kayan abinci a Kaduna, kuma sau da yawa ni ake turawa in zauna da mutanen ofishin ma'aikata in za a ɗauki 'yan aiti, to bari in gaya maka abin da ke ranmu mu da muke ɗaya gefen teburin.

Ba gwani muke nema ba. In gwani muke so ai ba ɗalibi za mu kira ba. Tun daga shigowar yaro har fitarsa tambaya ɗaya ce take min yawo a ka: in na bar wannan a gaban fanel minti biyar na fita amsa waya, zan dawo in same shi da ransa kuma inji na lafiya? Duk sauran tambayoyin hanya ce kawai ta gano wannan. Shi yasa yaron da yace ban sani ba amma ga yadda nake tunani ya fi min wanda ya ƙirƙiro amsa yana zare ido, don wanda ya yi min ƙarya a kan tebur ranar da ya haɗa waya ba daidai ba ma ba zai faɗa ba, sai mun ji ƙauri. Da gangan wani lokaci nake jefa tambayar da nasan ɗan lebul 400 ba zai sani ba, ba don mugunta ba, so nake in ga me zai yi in ya kai bango. 3.1 ɗinka ba ta dame ni ba sam, na ɗauki mai ƙasa da haka na bar mai 4 da wani abu, saboda mai 4 ɗin da na tambaye shi me zai fara yi kafin ya sa hannu a moton da ya tsaya sai ya fara min bayanin fulos da magnet, ɗayan kuwa cewa yayi zan kashe bireka, in sa makulli da kati a jiki don kar wani ya zo ya kunna, in gwada mitata a inda nasan akwai wuta, sannan in gwada layin in tabbatar ya mutu. A nan na rufe fayil ɗinsa nasan na samu.

Yanzu ga inda yaranmu na arewa suke faɗuwa, kuma abin yana min ciwo don ba rashin sani ba ne. Mu an tashe mu a kan in babba yana magana ka sunkuyar da kai, ka rage murya, kar ka cika baki, yabon kai jahilci. A gida wannan tarbiyya ce kuma Allah ya sa mu mutu a kanta. Amma a ɗakin nan mai yiwuwa wanda zai zauna gabanka Ba'indiye ne ko Balabane ko ɗan Sin, kasan masana'antun Kano, ko kuma wata daga kudu a ofishin ma'aikata, su in ka ƙura wa ƙasa ido kana amsa musu ciki-ciki abin da suke karantawa shi ne ko ba ka sani ba ko kana ɓoye wani abu ko kuma ba ka damu da aikin ba. Na sha fita daga ɗaki ina rigima da abokan aikina ina cewa wallahi yaron nan ya sani kunya ce kawai, su kuma suce to a fulo mai ƙarar inji wa zai ji shi in yace a kashe? Kuma suna da gaskiyarsu. Ba cewa nayi ka tsare mutum da ido kamar mai bin bashi ba, ka dube shi in yana tambaya, ka ɗaga murya daidai yadda na ƙarshen tebur zai ji, in ka gama ka yi shiru. Gaisuwa ɗaya ta isa, ba sai ka durƙusa ba, kuma kar ka zauna sai an ce ka zauna. In mace ce a cikinsu kuma ba ka musabaha, ɗan dafa ƙirji da murmushi ya wadatar, ba wanda zai riƙe ka da wannan.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka gaya mana kai waye. Kar ka fara da an haife ni a shekara kaza na yi firamare a kaza, duk yana takarda. Minti ɗaya: sunanka, me kake karanta, abu ɗaya da ka taɓa yi da hannunka, da dalilin da yasa nan kake so. Abu ɗayan nan shi ne gishirin. Ka taɓa yin wayarin a gida? Ka taɓa haɗa sola da inbata ko da na shagon maƙwabci ne? Ka taɓa bin wani mai gyaran janareta lokacin hutu? Me kuka haɗa a SWEP, horon aikin hannu da kuka yi a makaranta? Yaranmu suna raina waɗannan suna ganin ba na boko ba ne, alhali su muke son ji. Wani ya taɓa ce min shi yake gyara fankokin masallacin unguwarsu yana canza musu kafasita, mun fi minti biyar a kan wannan kaɗai kuma a nan na gane ya fahimci singil fes fiye da yadda takardarsa ta nuna.

Batun turanci, ka rubuta amsar nan ta minti ɗaya, ka tsaya gaban madubi ko ka ɗauki kanka a waya kana faɗa da ƙarfi, sau goma yau sau goma gobe, ba a zuci ba, da baki. Harshe motsa jiki yake so. Ba ruwanmu da karin harshenka, pi ta zama fi ba ta taɓa ƙona moto ba. In tambaya ta wuce ka kace a maimaita, ba laifi ba ne. Kari oba kuma in ba su tambaya ba kar ka tono, in sun tambaya jimla biyu: na faɗi kwas kaza, na sake na ci, ga abin da na gyara. Kar ka ɗora wa lakcara ko da kuwa shi ne da laifin, don mai zagin malaminsa a gabana gobe ni zai zaga a gaban wani.

Ka kuma san me kamfanin yake yi kafin ka je. Tunda robobi ne ka bincika buta suke yi ko bokiti ko kujeru ko tabarma ko leda, ka karanta yadda injin zuba roba yake aiki ko da sama-sama, akwai hita masu narkar da ƙwayar roba, akwai babban moto mai juya famfon haidurolik, akwai cila mai sanyaya ruwa, akwai kwamfuresa. In wuta ta ɗauke roba tana cikin inji ta daskare asara ce, shi yasa janareta da canji oba suke da muhimmanci a wajensu kamar numfashi. In aka ce kana da tambaya, kuma za a ce, ka tambayi abu a kan wannan, misali wane inji ne ya fi ba su wahala, ko wa za ka riƙa bi. Kar kace babu.

Kaya kuma riga da wando masu tsafta da takalmi rufaffe. Kaftani ba laifi ba ne a ofis amma wani lokacin daga tebur sai ace mu zaga fulo, kuma ba injiniyan da zai so ganin yadi yana lilo kusa da bel. Ga ƙannena mata masu karantawa, hijabi ba ya hana komai ni ma da shi nake aiki, amma ƙarami wanda za ki cusa cikin riga, ba mai jan ƙasa ba.

Kuɗi ka bari sai ƙarshe, ko ma sai sun ce sun ɗauke ka, sannan ka tambaya cikin ladabi ko akwai motar ma'aikata ko wani tallafin kuɗin mota, da lokacin shiga da tashi, da yadda ake fita sallar Juma'a. Tambaya ce ta halal, farkon zama ne kawai ba wajenta ba.

Sarkin Yaƙin Majalisa:

Duk wannan dogon turanci ne Hajiya. A ƙasar nan? Mutum huɗun nan tuni an rubuta sunansu, ɗan manaja da ƙanin matar akanta da sauransu, ku an kira ku ne a cika benci. Malam ka kira kawunka yau ba gobe ba, in da hanya a bi, wanda duk ya ce maka cancanta ce yaudararka yake.

Maman Ilham:

Sarkin Yaƙi ba zan ce maka ba a yi ba, ana yi, ni ma an sha turo min ƙaramar takarda. Amma ka sani ɓangaren gyara ba kamar ofis ba ne da za a ajiye yaro yana danna waya, mu ne za mu kwana da shi in ya jawo tsiya, shi yasa ko an turo biyu injiniya yana faɗa a bar masa biyu nasa. Kawu ya kira in zai kira, amma ya tsaya a kan dan Allah a duba yaron nan, kai kuma ƙanena kar ka kuskura ka ambaci sunan kowa a cikin ɗakin. Ranar da wani ya ce min Alhaji wane ne ya turo ni tun kafin ya zauna, ban ƙara jin komai da ya faɗa ba.

Baba Na Layi:

Ɗana Allah ya yi maka albarka. Jikata ce take rubuta min ina faɗa, idon ya yi rauni. Ni na shiga aikin wuta tun ana ce mata NEPA, aka koma PHCN a 2005, da aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013 na ajiye na koma 'yan gyare-gyare a kamfanoni. Ban yi jami'a ba amma injiniyoyi da yawa a hannuna suka koyi riƙe filaya.

Hajiya ta gama magana, abu kaɗan zan ƙara. Tunda Challawa za ka, ka san daga ina wutar da ke juya injinsu take zuwa, don tsofaffi irina suna son wannan tambayar. Babban layi mai 330kV yana tasowa daga Mando a Kaduna ya sauka a tashar Kumbotso, ga ta nan kusa da inda za ka, a nan ake sauke shi zuwa 132, sannan 33, wasu kamfanonin a 33 suke ɗauka wasu a 11, duk waɗannan kV ne, taransifomarsu ta cikin gida ta mayar 415V tsakanin layi da layi, wajen 230 zuwa 240 tsakanin layi da nutural. TCN ke da manyan layuka, KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa. In aka ce me yasa ake ɗaga boltej haka kace don karent ya ragu, in karent ya ragu waya ba ta zafi wuta ba ta zubewa a hanya. Kuma ka iya wannan lissafin a ka, taransifoma mai 500kVA a 415 tana ba da amfiya wajen 695, ka raba 500,000 da 1.732 sau 415. Yara da yawa suna zuwa da digiri ba su san bireka nawa za a sa mata ba.

Sai launin waya. Mu mun tashi da ja, rawaya, shuɗi su ne layuka uku, baƙi nutural. Sabon tsari kuma ruwan ƙasa, baƙi, toka-toka su ne layuka, shuɗi ya koma nutural. Ka ga baƙi da shuɗi sun yi musanya ke nan, kuma a tsohon kamfani za ka buɗe fanel ɗaya ka tarar da duka biyun an gwamutsa. Don haka launi ba shaida ba ne, mita ce shaida.

Wani abu da na gani da idona a wani injin niƙa da nake musu gyara bayan na ajiye aiki, wani ɗan aiti mai ƙoƙari ne wallahi, an kashe wuta yaga an kashe sai ya kai sukundireba cikin akwatin kafasita, irin waɗanda ake sawa don gyara fawa fakta. Bai san kafasita tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an kashe ba. Ƙarar da muka ji kamar bindiga, bakin sukundireban ya narke, shi kuma Allah ya yi da sauran kwanansa hannu kawai ya ƙone. Laifinmu ne mu manya da ba mu gaya masa ba, amma shi ma bai tambaya ba don yana jin kunyar ace ɗan jami'a bai sani ba. To in sun tambaye ka gobarar lantarki da me ake kashewa kar bakinka ya kuskura ya ce ruwa, tukunyar CO2 ko ta hoda, kuma kafin komai a yanke wutar. In mutum ya maƙale a waya ba a kama shi da hannu.

In Allah yasa an ɗauke ka, masu shuɗin kaya da za ka tarar a wokshof ka gaishe su da kyau ka ɗauki akwatin kayan aikinsu, injiniya zai sa maka hannu a littafi amma su za su nuna maka aiki. Inda na ɗan saba da Hajiya shi ne durƙuson nan, in ka ga mai furfura irina a ciki ɗan rusunawa ba ta rage ka da komai, sai dai ka miƙe ka yi magana kamar namiji.

Malamin Aji:

Ni ina koyarwa ne a wata kwalejin kimiyya da fasaha kuma na taɓa riƙe kodinetan SIWES na sashenmu, bari in taɓa ɓangaren takardu tunda ba wanda ya taɓa.

Wani lokacin suna tambaya menene SIWES ɗin ma, kuma abin kunya ɗalibai da yawa ba su sani ba. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, aka kafa a 1971, hedikwatarta a Jos, ita ta fito da shirin a 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa masu digiri suna fitowa ba su taɓa taɓa inji ba. 'Yan jami'a wata shida, 'yan poli da kwalejin ilimi wata huɗu. Wannan ya ishe ka.

Ranar Laraba ka tafi da fayil, a ciki kwafin takardar makaranta, katin shaidar ɗalibi, sibi shafi ɗaya kwafi biyu ko uku, hoton fasfo, biro mai rubutu da ƙaramin littafi. Ka san ranar da makaranta ta ce ku fara da ranar gamawa, don tabbas za su tambaya kuma mummunan abu ne kace sai na tambayo. In sun ɗauke ka kar ka bar wajen ba ka san yaushe za ka karɓi takardar amincewa ba, ita za ka mayar wa ofishin SIWES don da ita ake sanin inda za a turo malami ya duba ka. Logbuk kuma, littafin da kake rubuta aikin da ka yi, kullum ake cikawa, duk sati mai kula da kai a kamfani ya sa hannu, ga Fom 8 na ITF da ake cikawa a ƙarshe, ga rahoto ga difens, wato kare rahoton a gaban malamai. Masu tara logbuk sai satin ƙarshe su zauna su ƙirƙiro wata shida a dare ɗaya muna gane su, biro ɗaya rubutu ɗaya ko ɗigon man inji babu a takardar.

Alawus na gwamnati kuwa a lokacin da nake riƙe da ofishin naira 2,500 ne a wata, 15,000 ke nan a wata shida, to ka ga ba abin da za ka gina lissafin Adaidaita a kansa ba ne. Ka zauna da mutanen gida tun yanzu a san yadda za a yi, ko ka nemi ɗan uwa a Panshekara ko Sharaɗa da za ka riƙa kwana wajensa ranakun aiki. Kuma ranar intabiyun ka fito tun bayan asuba da ɗan kaɗan, daga Kurna gari za ka ratsa gaba ɗaya, gara ka isa takwas ka zauna a bakin get.

Ɗan Kurna:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri, Anti Maman Ilham da Baba da Malam da mutumina Injiniya PLC hhh.

Bakwai da rabi ina get. Mu goma sha tara muka zo. Mutum uku ne a ciki, wani Ba'indiye, wani injiniya Bahaushe mai furfura da matar da ta kira ni. Baba na ɗan rusuna wa mai furfurar sannan na ɗago kamar yadda Anti tace, kowa na bi nasa. Minti ɗayan nan da na haddace wallahi rabinsa ya gudu amma da na kai kan solar da na haɗa wa shagon yayana sai Ba'indiyen ya gyara zama ya fara tambayata batir nawa, siris na haɗa ko faralel, me yasa, daga nan tsoron ya tafi har na manta turanci nake. Sita-delta ya fito kamar yadda Mai Testa ya faɗa, na zana. An tambaye ni me zan yi kafin in taɓa moton da ya tsaya, na kawo makulli da kati da gwada mita. Sai mai furfurar yace da me ake gwada insuleshan na moto kuma a boltej nawa, nace mega ce amma boltej ɗin gaskiya ban sani ba, yace 500 ake sawa a irin namu na 415, ka rubuta, na ciro littafina na rubuta a gabansa. Kari oba ko kallonsa ba su yi ba. Kawu kuma ashe bai ma kira ba, wai ya manta.

Sun ce ranar Juma'a za su kira waɗanda suka ɗauka, akwai motar ma'aikata amma daga cikin gari take tashi. Matar tace duk wanda aka ɗauka shi zai zo da sefti but nasa su za su ba da hular kwano da obarol. To ko da Allah zai sa, a ina ake samun mai sauƙi a Kano? Lamba 44 nake sawa.

Mai Testa:

Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, ko ka duba Sabon Gari in sabo kake so amma zai yi tsada. Ka danna gabansa da babban yatsa ka tabbatar akwai ƙarfen, ka lanƙwasa ƙasan ka gani ko ya fara tsagewa don wasu sun daɗe a ajiye suna ruɓewa a sati biyu. Ka ɗauki 45 saboda safa. Amma kar ka saya sai an kira ka tukuna, in ma an kira ka yi min magana nawa yana nan ƙarƙashin gado 44 ne, in ya shige ka ka fara da shi.